Arzikin Ƙasa Da Rumbun Talaka

Tun ran 29 ga watan Mayu 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cewa an janye tallafin man fetur, babu maganar da ta fi yawa a bakin jama'a kamar ta rabon arzikin ƙasa. Cikin watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, ba sai ya bi ta hannun gwamnatocin jihohi ba. A cikin wannan wata kuma aka ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa naira 70,000. Da watan Yuni 2025 ya kama aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, waɗanda suka yafe wa duk wanda samunsa na shekara bai wuce naira 800,000 ba. An gaya mana za a ga amfanin waɗannan duka wajen rage nisan da ke tsakanin mawadaci da matalauci. To, madalla, ba mu musa kyawun niyya ba. Amma muna so masu karatu su biyo mu, mu ɗauko maganan nan daga Abuja, mu kawo ta Unguwar Tudu ta ƙasar Gwarzo, mu ajiye ta a gindin rumbu, sa'an nan mu ƙidaya abin da ya iso.

Abin da ya sa muka zaɓi Unguwar Tudu shi ne, irin wurin da talakawan ƙasan nan masu ɗimbin yawa su ke zaune ke nan. Ita da 'yan'uwanta na yammacin Kano, su Getso da Lakwaya da Kutama, har zuwa Garo da Gude a ƙasar Kabo, galibin mutanensu manoma ne, masu dawa da gero da masara da wake da gyada. Masu cin albashi a cikinsu ba su taka kara sun karya ba, daga malamin makaranta sai ma'aikacin asibiti da 'yan akawuna. Saboda haka ƙarin albashi bai shafi galibinsu ba. Yafe harajin samu ma bai zo musu da sabon abu ba, gama da ma ba su biyansa. Amma tsadar fetur ba ta tsallake gidan kowa ba. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 a farkon 2023 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota ya bi ta, takin zamani ya bi kuɗin mota. Watau ɗacin magani ya riga lafiya isowa.

Abin Da Lissafi Ya Nuna

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi bincike tsakanin 2018 da 2019, ta tarar mutum 40 cikin kowane 100 na 'yan Nijeriya, watau kimanin miliyan 83, abin da kowannensu ke kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba. A birane mutum 18 ne cikin 100, a ƙauyuka kuwa 52. A Jihar Legas ba su kai 5 ba, a Jihar Kano sun kai 55, a Sakkwato sun tasam ma 88. A 1922 ba mu da irin wannan lissafi, amma a 2022 hukumar ta sake auna talauci ta wata fuska, ta duba har da rashin makaranta da asibiti da ruwan sha da wurin kwana, ta sami mutum miliyan 133 a ciki, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa.

Wanda ya natsu a kan waɗannan lambobi zai ga rata iri biyu, ɗaya tsakanin Kudu da Arewa, ɗaya tsakanin birni da ƙauye. Akwai kuma ta uku wadda lambobin ba su nuna ba, ita ce wadda ke tsakanin gida da gida a cikin ƙauye guda. Za mu komo kanta. Amma tukuna sai mu waiwayi gyada, domin a nan ne mutumin ƙasar Gwarzo ya fara gamuwa da abin da a ke kira manufar tattalin arziki.

Darasin Gyada

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga ciniki a 1912. Turawa sun sa rai auduga za a noma musu, amma manomin Kano ya yi nasa lissafi, ya ga gyada ta fi riba, kuma in ciniki ya ƙi a iya cinta. Kafin a jima buhuna suka fara taruwa a Kano, har suka zama dalar gyada wadda sunan Alhaji Alhassan Ɗantata ke tafe da ita. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta fi Nijeriya fitar da gyada a duniya.

A 1949 aka kafa hukumar sayen gyada ta Nijeriya, a 1954 aikinta ya koma hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Ita kaɗai ke da ikon fitar da gyada waje, ita ke yanka farashi kowace shekara. Hujjar da aka bayar mai kyau ce: a ajiye rarar shekarar tsada domin a cike wa manomi gurbi a shekarar araha. Amma wani masanin tattalin arziki mai suna Gerald Helleiner ya bi takardun, ya lissafa cewa daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960, in an haɗa rarar hukuma da kuɗin fito da harajin amfanin gona, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata manomin gyada ya samu bai shiga hannunsa ba. Watau in ya ɗora wa jaki buhu huɗu, ɗaya na gwamnati ne tun bai kai sikeli ba. Bayan wannan ga ɗan baranda da nasa rabo, ga haraji, ga jangali a kan mai shanu.

Gaskiya kuɗin ba su tafi a banza duka ba. An yi hanyoyi da makarantu, an zuba jari a masana'antu irin su masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957. Sai dai mafi yawan abin da aka gina a Kaduna da manyan birane aka gina shi, gumi kuwa a ƙauye aka zubar. Wannan yana cikin kukan da jam'iyyar NEPU ta tashi da shi a Kano a 1950. Da fari ya auku daga 1972 zuwa 1974, cutar nan mai nannaɗe ganyen gyada kuma ta biyo baya a 1975, sai dala ta rushe, manomi ya waiwaya bai ga ajiyar da aka ce an yi masa ba. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya, aka bar manomi shi da kasuwa.

Ga abin da mu ke so akawuna su lura da shi musamman. A zamanin En'e hanyar da kuɗi ke bi su hau sama shararriya ce har ƙofar gida. Mai unguwa ya san kowane magidanci, dagaci na da jerin sunaye, malamin haraji na da littafi da rasit, hakimi ya tara ya kai baitulmali, kwabo bai ɓata a sarari ba tare da an tambayi wani ba. Amma hanyar da kuɗi za su bi su sauko ba a taɓa share ta da irin wannan himma ba. A ganinmu nan ne tushen matsalar ya ke.

Da Kuɗi Suka Juya

An sami man fetur a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958, kafin shekara ashirin ya danne gyada da auduga da koko. Tun daga nan ruwa ya juya: maimakon kuɗi su taso daga ƙauye zuwa birni, sai suka koma zubowa daga sama. Bisa ga tsarin rabon da aka daɗe a na bi, Gwamnatin Tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100 na asusun tarayya, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Jihar Kano na da 44 daga cikinsu, har da Gwarzo da Kabo. Amma tsarin mulki na 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, ta nan kuwa rabon ƙauye ya kan yi zango a babban birni, wani lokaci zangon ya zama mazauni. Wannan ne Kotun Ƙoli ta nufi gyarawa a 2024, ko da ya ke shekara guda ta cika bayan hukuncin a na ta ja-in-ja a kan yadda za a yi aiki da shi.

Akwai wani abu kuma da ya ɓace ba a ankara ba. Tun da hukuma ta daina bukatar kuɗin talaka, sai ta daina bukatar sunansa. Ba muna kiran a komo da haraji ba ne, Allah ya kiyaye, mutane sun sha wuyarsa. Amma abin mamaki ne a ce a da an san kowane magidanci domin a karɓa, da aka zo 2023 kuwa, aka ce za a ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 kowane wata har wata uku, babbar gardamar da ta tashi ita ce ta rajista: su wane ne a ciki, wa ya rubuta su, ina su ke?

Gida Biyu, Gona Biyu

Yanzu mu komo ga rata ta uku. Mu ɗauki misalin magidanta biyu a unguwa ɗaya. Na farko yana da gona mai faɗi, da shanun noma, da taki. Na biyu gonarsa 'yar kaɗan ce, ta gaji, iyali kuwa da yawa. Da kaka ta yi, bashi na jiran na biyun, ga biki, ga suna, ga magani, tilas ya kai hatsinsa kasuwa a lokacin da kowa ke kaiwa, watau lokacin araha. Na farkon ya saya ya zuba a rumbu, ko kuwa ɗan kasuwa ya loda a mota ya nufi Dawanau. Kafin bazara ta ƙare rumbun na biyu ya yi ƙasa. Ruwa na sauka, sai ya bar tasa gona ya tafi ƙwadago a gonar na farko domin ya samo kwanon dawa, dawar da shi ya sayar da araha, ya sayo ta da tsada. Kafin ya komo ciyawa ta ci gonarsa. In abin ya matsa ya ci falle, a biya da ƙari in kaka ta yi. Shekara ta gaba sai jinginar gona, bayan jingina sai sayarwa, bayan sayarwa sai cin rani wanda ba a komowa.

Wannan ba sabon labari ba ne. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta rubuta littafi a kan haka a 1972, ta sake wani a kan Dorayi ta ƙasar Kano a 1977. Abin da ta gano shi ne talauci kan hana matalauci noman gonarsa, rashin noman kuma ya ƙara masa talauci. Babu wanda ya yi sata a cikin wannan ciniki, amma kowace shekara dukiya na gangarawa gefe guda.

Mu da aikinmu ya ke zagayen makarantu muna ganin inuwar wannan abu a littafin kiran suna. Da rumbu ya yi ƙasa sai aji ya yi ƙasa. Yaro ya bi ubansa ƙwadago, yarinya ta ɗauki farantin talla. Malami ya rubuta ba su zo ba, amma littafinsa ba shi da gurbin rubuta dalili. Ɗan mai rumbu ya gama makaranta ya zama akawu, ɗan marar rumbu ya gaji fartanya da bashi. Ta haka rata ke zama gado.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Ba mu raina tallafin kuɗi ba, gama mai jin yunwa ba ya jiran dogon shiri. Amma tallafin wata uku ba ya tsai da wannan gangara. Muna ganin abu huɗu ne za su tsai da ita.

Na fari, ajiya da rance a lokacin kaka. Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Jamhuriyar Nijar, tun wajen ƙarshen shekarun 1990, ƙungiyoyin manoma, har da na ƙasar Maraɗi, sun gwada wata dabara. Manomi ya kai hatsinsa ɗakin ajiyar ƙungiya da kaka, a ba shi rance gwargwadon wani kashi na darajarsa. A sa wa ɗakin kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Da farashi ya tashi ya biya, ya ɗauki hatsinsa, ko ya ci ko ya sayar, ribar jira ta zama tasa. Wani zai ce, ai an sha ba manoma rance ba su biya ba, ga shirin Babban Banki na 2015 da aka ƙaddamar a Kebbi, wanda aka yi ta fama wajen karɓo bashinsa. Haka ne. Amma wancan rance ne a kan alkawari, wannan kuwa a kan buhun da ke kulle a ɗaki, kuma maƙwabta ne shaidu.

Na biyu, ruwa. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya faro shirin madatsun ruwa, aka gama ta Tiga a 1974. Yammacin Kano ma ya sami rabonsa: ga Guzuguzu da Magaga a ƙasar Kabo, ga Pada a ƙasar Gwarzo, ga babbar madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye da aka gama a 1992. Wannan dukiya ce da aka riga aka biya kuɗinta. Amma inda babu magudanar da za ta kai ruwa gona da kanta, sai mai injin ban ruwa da kuɗin fetur kaɗai ke noman rani, tun daga 2023 kuwa kuɗin nan sun fi ƙarfin ƙaramin manomi. A gyara magudanai, a yanka filaye ƙanana, a ba ƙungiyoyi injuna masu aiki da hasken rana, a fara da waɗanda gonarsu ta tudu ba ta ciyar da su. Wanda ya girbe albasa ko alkama ko tumatir a watan Maris ba zai ci falle a watan Yuli ba.

Na uku, makaranta. An yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, an yi ilmin firamare kyauta a 1976, an kafa dokar ilmin bai-ɗaya a 2004, Jihar Kano ta ce ilmi kyauta ne kuma tilas a 2019, ta kuma kafa dokar ta-ɓaci a kansa a 2024. Doka ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne a biya wa gidan matalauci abin da ya ke rasawa in ya saki yaro ya tafi aji. Ƙasar Barazil ta yi haka tun 2003: a ba uwa kuɗi kaɗan kowane wata, bisa sharaɗin 'ya'yanta na zuwa makaranta kuma an yi musu rigakafi. In za a ba da tallafi a ƙasar Gwarzo, a ɗaure shi da littafin kiran suna, a ƙara shi a watannin damina, a haɗa da abincin rana. Sa'an nan a ajiye malami a ƙauye, a biya shi a kan kari, gama ginin aji ba ya koyar da kowa.

Na huɗu, a karɓa daga inda dukiya ta taru. An yafe wa mai ƙaramin samu, wannan daidai ne. Saura a ga mai manyan gidajen haya da rumfuna da filaye a birni ya biya gwargwadon ƙarfinsa. Addininmu ma ya riga kowa tsara wannan. A kan amfanin gonar da ya kai nisabi, kashi ɗaya cikin goma ne in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in da wahala aka yi ban ruwa, a dukiyar ciniki kuwa ɗaya cikin arba'in. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003. Da zakkar hatsin kowace gunduma za a tara ta a rubuce, a riƙe ta zuwa damina, a raba wa mabukatan wannan gunduma a gaban liman da dagaci, da gidaje da yawa sun nome gonakinsu.

Gare Ku, Akawuna Da Malamai

Duk abu huɗun nan a kan takarda su ke tsaye, takarda kuwa a hannunku ta ke. Ku ma'aikatan ƙananan hukumomi, ku kuka gaji kujerun En'e tun gyaran 1976. Magabatanku sun iya rubuta sunan kowa domin a karɓa, ku kuwa a na bukatar ku rubuta domin a bayar, wannan ya fi wuya, gama akwai mai zuwa da dare yana roƙon a sa sunan ƙaninsa. Duk sunan ƙarya da ya shiga rajista, sunan gaskiya ne ya fita. Ku malamai kuma, in kun cika littafin kiran suna da yaran da ba su zo ba domin kada a ga aji ya rame, kun ɓoye ciwo ga mai magani.

Muna roƙon shugabannin Gwarzo da Kabo su riƙa liƙa abin da ya shigo musu kowane wata a bangon sakatariya, da Hausa, tare da abin da aka kashe, a aika wa kowane dagaci da kwafi a karanta a ƙofar gidansa. Wannan ba ya bukatar izinin Abuja, ba ya cin kuɗin da ya wuce na takarda.

Daga ƙarshe ga wani ma'auni da kowane malami zai iya riƙewa. Ya tambayi magidanta goma na unguwar da ya ke koyarwa, a wane wata hatsinsu ya ƙare bana, ya rubuta ya ajiye. Baɗi ya sake tambaya. In watan ya matsa gaba, daga Mayu zuwa Yuli, daga Yuli zuwa sabon gero, to, arzikin ƙasa ya fara isowa Unguwar Tudu. In kuwa yana nan inda ya ke, sai mu ɗauki littafin mu kai wa waɗanda muka zaɓa, mu tambaye su inda kayan suka tsaya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, amin.